Allo a Gaban Direba

Watanni uku da suka wuce ɗan ƙanena ya biyo ta gidana a Gyaɗi-Gyaɗi domin mu tafi ɗaurin aure Hotoro. Motarsa tsohuwar Corolla ce wadda na sani tun tana da gidan kaset. Ina shiga sai na tarar an cire rediyon ɗungurungum, an dasa kwamfutar hannu mai kama da allo a gurbinsa, irin wadda yara ke kira tab. Ya taɓa ta da ɗan yatsa, karatu ya tashi a sifikun mota, ya sake taɓawa, taswirar Kano ta bayyana, ga mu nan ɗan ɗigo shuɗi a kan Court Road. Na tambaye shi ina rediyon, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai an wuce wurin."

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin ya ba ni sha'awa, har ni ma na shiga sahu. Abin da na gani a ciki shi ne dalilin rubutun wannan mako.

Sha'awar ba ta banza ba ce. Mu da muka taso da kaset mun san wahalar tafiya Kaduna da kwali cike da faifan Shata da na wa'azi, zafi ya narkar da rabi, rediyo ya tauna rabi. Faifan CD ya zo, gargada ta hana shi zama lafiya. Memori ya zo ya sauƙaƙa, amma sai ka yi ta danna maɓalli kana laluben abin da kake so kamar mai neman allura a rami. Allon nan kuwa yana ɗauke da tafsirin azumi guda, da waƙoƙi, da taswira, da kiran waya ba sai ka kara ta a kunne ba. Kamfanonin duniya ma can suka nufa: Tesla ta fito da mota mai allo inci 17 a 2012, Apple ya kawo CarPlay a 2014, Google ya biyo da Android Auto a 2015. To mu da yawancin motocinmu sun girmi duk waɗannan, kuma sai da suka gama yi wa wani bauta a Turai ko Amurka kafin su iso mana, sai muka nemi tamu dabarar. Ka sayi allo na hannu a kasuwar waya ta Farm Centre, ka nemi mai wayarin, shi ke nan ka zama ɗan zamani.

Hanyoyin haɗa sautin ba su da yawa. Mafi tsafta ita ce ƙaramar wayar da ake sokawa a kafar AUX, in rediyon yana da ita. Sai Bluetooth, ko wanda ya zo da rediyon, ko ɗan ƙaramin da ake saye a maƙala. Sai kuma na'urar da ke mayar da sautin allon ya zama kamar wata tashar FM, rediyon mota ya kamo. Wannan ta ƙarshe ta fi araha, kuma ta fi ba da ciwon kai a Kano, domin tun daga 2003 da Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye tashoshi suka yi ta ƙaruwa, har samun zangon da babu kowa a kai ya zama aiki. Kana cikin sauraron abinka sai tallar maganin basir ta kutso maka.

Ni dai da wayar AUX aka yi mini, kuma tun a ranar farko na fara jin wani siririn kuka a sifika, wanda ke tashi idan na taka totur, ya sauka idan na ɗaga ƙafa. Mai aikin, wani matashi da ke da rumfa a bakin titi, ya ce, "Alhaji, sifikunka ne suka tsufa." Ba su ba ne. Idan allo yana caji daga wutar mota, kuma wayar sauti ta haɗa shi da rediyo, sai hayaniyar na'urar da ke cajin batir ta sami hanyar shiga cikin sauti. Da na zare caja sai kukan ya ɗauke. Akwai ɗan ƙaramin matacin sauti da ake sawa a tsakanin allo da rediyo, shi ya raba gardama, kuma kuɗinsa bai kai na sifika ɗaya ba.

Wannan mai sauƙi ne. Kwana huɗu bayan haka na fito da asuba, na murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Abin da ya faru shi ne, a bayan rediyo akwai wayoyin wuta iri biyu: ɗaya tana da wuta dare da rana, ɗaya kuma sai an murɗa makulli. Yaron ya jona cajar a ta farko, ga shi batirina dama ya kwana biyu, sai allo da cajarsa suka yi ta tsotsarsa ina barci. Da muka buɗe wurin, abin da na gani ya fi mutuwar batir tayar mini da hankali. An feɗe waya, an murɗa wata a kanta, an naɗe da salatif, babu fis ko ɗaya. Batirin mota volt 12 ne kacal, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma idan waya tsirara ta taɓa ƙarfen mota, wutar da za ta bi ta kanta ta isa ta mayar da ita garwashi cikin daƙiƙoƙi. Fis shi ne ɗan sadaukarwar da ke ƙonewa domin mota ta tsira. Wanda duk za a yi wa wannan aiki, ya tsaya a kan mai wayarin ya ga an sa shi, ko da za a ce ya cika ƙorafi. Masu sababbin motoci kuma su ƙara kula, domin wayoyin bayan rediyonsu ba na wuta da sauti kaɗai ba ne, akwai waɗanda kwamfutocin motar ke magana da juna ta cikinsu.

Sai zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. A watan Afrilu kuwa Kano tana haura 40 a inuwa, balle gaban motar da aka rufe aka bari a rana. Batirin lithium ba ya shiri da irin wannan gashi. Yana kumbura, ya ɓanɓaro gilashin allon, wani lokaci ya kama da wuta. Shi ya sa nake ganin rediyon Android da aka ƙera domin mota, wanda ba shi da batir a ciki kuma yake shiga gurbin rediyo daidai, ya fi allon da aka manna da gam. In kuwa allon ne dole, a sa shi a mariƙin da za a iya cire shi a shiga da shi gida. Hakan ya kuma rage kwaɗayin masu fasa gilashi, a garin da ƙwacen waya ya riga ya hana mutane sakewa. Kada kuma a kafa shi a kan murfin jakar iska, domin ranar da ta fashe, allon ne zai riga ta isa fuskar wanda ke zaune.

Duk waɗannan kuɗi suke ci. Akwai wanda rai yake ci.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana shafe kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sauke ido daƙiƙa biyu domin ya canja waƙa ya yi tafiyar mita 33 a makance. Mai karatu ya auna wannan da titin Zariya, daga gadar Dangi zuwa ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano: ga 'yan adaidaita sahu da ke tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, ga 'yan makaranta, ga mai jinya da kular abinci a hannu yana tsallaka titi hankalinsa na kan wanda ya baro a gado. Maɓallin tsohon rediyo hannu ne ke gane shi, ba sai ido ya taya ba. Allo kuwa sumul yake, ba ya amsa maka sai ka dube shi. Turawan da suka ƙirƙiro abin ma sun fara ja da baya, domin hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta sanar cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta kasance da maɓallan hannu na sigina, da ham, da abin goge gilashi, da fitilar gargaɗi.

Mu a nan abin ya ma wuce canja waƙa. Da idona na ga direba a cunkoson yamma yana kallon shirin Labarina a allon gabansa, danja ta ba da hannu bai sani ba sai da na baya suka cika shi da ham. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna kama mai waya a kunne, amma allon da ke manne a gaban mota yana wucewa a matsayin ado, alhali ya fi wayar cin ido. Ya kamata su da KAROTA su fara dubansa, kuma ya kamata masu haɗa shi su daina tallata kallon fim a matsayin babban amfaninsa. Fim na 'yan kujerar baya ne.

Akwai kuma asarar da ban yi lissafinta ba sai da na hau motar ɗan ƙanen nawa da dare. Na ce ya kamo mana In Da Ranka, ya ce sai da data, datar kuma ta ƙare. Bakano a mota ba rediyo, ai an rage masa rabin gari.

Nawa allon yana nan, amma na sauya masa matsayi. An mayar da cajarsa kan wayar makulli, an sa fis, na bar rediyona a inda yake. Kafin in tayar da mota nake zaɓar abin da zan saurara, in kashe hasken allon, ba na sake taɓa shi sai na tsaya. Ɗan ƙanena ya ce na mayar da kwamfuta gidan kaset. A makon jiya ya kira ni yana tambayar inda na sayi matacin sauti, wai tasa motar ta fara kuka.