Dokar yin shiru a caji ofis: a Amurka sunanta Miranda, tamu ba ta da suna

Miranda sunan dangi ne a ƙasashen masu jin Sifaniyanci da Fotugisanci. Akwai jihar Miranda a Benezuwela, akwai garuruwa masu sunan a Sifen da Fotugal. Amma a Amurka, ka ce Miranda kowa caji ofis zai tuna. A 1963 'yan sanda suka kama Ernesto Miranda a birnin Phoenix, suka sa shi gaba da tambayoyi har ya amsa laifi a rubuce, ba wanda ya gaya masa yana da damar yin shiru ko neman lauya. A 1966 Kotun Ƙolin ƙasar, da alƙalai 5 a kan 4, ta soke hukuncin. Ba tsira ya yi ba fa, an sake shari'ar an kuma ɗaure shi. Sunan ne ya zauna a bakin jama'a.

Abin da ke damuna, mu ma muna da wannan doka, suna ne kawai ba ta da shi, shi ya sa ba a hirarta a tasha. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar ƙin amsa tambaya sai ya gana da lauya. A cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya a kai shi gabanta. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ƙara da hana kama wani a madadin wani, Kaduna kuma ta yi tata a 2017.

Daga Fadan Kagoma nake wannan rubutu, kuma maganar harshen nan ita ta fi tsaya mini. Mutum yarensa na gida Gyong, a kasuwar Kafanchan Hausa yake ciniki, amma sitatimen da Turanci za a rubuta, a ce dangwala yatsa. Haka abin yake ga direban da ya ɗauko citta daga nan zuwa Legas, haka ga ɗan uwanmu mai tura baro a Mile 12 ko mai shago a Sabo ta Ibadan. Takardar da bai iya karantawa ba, ita za a karanta wa alƙali a matsayin bakinsa. Alhali dokar 2015 cewa ta yi a samo tafinta, ya karanta wa mutum abin da aka rubuta, shi ma tafintan ya sa hannu.

Kotun Ƙolinmu ta fara sa wa dokar haƙora. A 2023, a shari'ar Friday Charles da Jihar Legas, ta ce amsa laifin da ba a ɗauka a bidiyo ba, ba kuma a gaban lauya ba, ba abin dogaro ba ne.

Na san mai karatu zai ce, malam, doka a takarda daban, bayan kanta daban. Gaskiya ne. Amma a ganina sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ke rugawa neman beli suna isa a makare, an riga an dangwala. Awar farko ce ke bukatar mutum. Dokar tarayya ta yarda in babu lauya, jami'in hukumar ba da lauya kyauta ko duk wanda mutum ya zaɓa ya zauna a wurin lokacin da ake ɗaukar bayaninsa.