Kimiyya a Gida: Gano Ƙarar da ke Ɓata Faifan Garmaho

Wataƙila akwai tsohon garmaho a ɗakin kakanku, da fayafayan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos. In aka ɗora allura a kan faifai, kafin waƙa ta fara za ku ji wani gurnani ƙasa-ƙasa. Duk mai son kwafe waƙoƙin nan a kwamfuta don kada su salwanta, sai ya fara gano tushen gurnanin, in ba haka ba ya adana shi tare da waƙar.

Sauti girgiza ne, kuma ana ƙirga yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin Hertz. Kunnen mutum yana jin daga kusan Hertz 20 zuwa 20,000, amma a dunƙule yake jin su. Manhajar nazarin sauti kuwa tana tankaɗe su kamar rariya, ta ware kowane. Lissafin da take amfani da shi ya samo asali daga aikin Joseph Fourier, masanin lissafi ɗan Faransa, wanda ya wallafa littafinsa a 1822.

Ga yadda za ku gwada da Audacity, manhajar kyauta. Ku haɗa garmahon da kwamfuta ta amfilifaya, ku naɗi wurin shiru da ke tsakanin waƙoƙi biyu. Sai ku zaɓi abin da kuka naɗa, ku shiga Analyze, ku danna Plot Spectrum. Zane zai fito: daga hagu zuwa dama yawan girgiza ne, tsayi kuma ƙarfin ƙara ne a ma'aunin desibel.

In kun ga tsini a kan 50, da wasu a 100 da 150, wutar lantarki ce, domin a Najeriya da Nijar Hertz 50 take. A Amurka 60. Ku duba siririyar wayar da ke haɗa jikin garmahon da amfilifaya, ko ta kwance. In tudu ne ƙasa da 30, injin ne ke jijjiga, ko ƙarfen da farantin ke juyawa a kansa yana bukatar mai. Ƙarar da ta bazu can dama kuwa, yawanci ƙura ce ko tsufan faifai.

Don tabbatarwa, ku ɗaga allurar ku sake naɗa. Ƙarar da ta rage ta ɓangaren lantarki ce. Wadda ta ɓace ta inji ce ko ta faifai.

Tambayar mako: babban faifai yana juyawa sau 33⅓ a minti ɗaya. Daƙiƙa nawa zagaye ɗaya ke ɗauka? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku.