Korona da yara: larurar da kan biyo baya

Tun farkon ɓarkewar cutar korona, likitoci sun lura cewa galibin yaran da suka kamu ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba sa nuna wata alama.

To amma a watan Afrilun 2020, likitoci a Birtaniya suka yi gargaɗi kan wasu yara da ake kwantarwa da zazzaɓi mai naci, da ciwon ciki, da ƙuraje, da kumburin zuciya.

Larurar kan bayyana ne makonni 2 zuwa 6 bayan kamuwa, lokacin da iyaye suka riga suka saki jiki.

Masana na danganta ta da yadda garkuwar jiki ke wuce gona da iri. Ba kasafai take aukuwa ba, kuma akasarin yaran da aka yi wa magani sun murmure.