Kada Ka Firgita Baƙin Dagona

Idan ka je fadamar Dagona a Jihar Yobe da hunturu, za ka tarar da dinya da kirinjijiya, tare da agwagin daji da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Wasu masu ɗaukar hoto sukan yi jifa don tsuntsayen su tashi, wai hoton ya fi kyau. A ganina wannan zalunci ne. Baƙon da ya sha doguwar tafiya abinci da hutu yake nema, kuma kowace firgita tana rage masa ƙarfin komawa gida.

Gara ka laɓe a 'yar bukkar ciyawa tun da asuba, ka yi shiru. Sanyi zai dame ka, amma kafin hantsi tsuntsayen za su matso kusa da kai suna kiwo.