Kada A Yi Wa Kunkuru Ɗura

A ƙasar Gobir, daga Gatawa zuwa Sabon Birni da Isa, akwai gidajen da in ka shiga za ka tarar da ƙaton kunkuru yana jan jiki a gindin rumbu. Waɗansu gadonsa suka yi daga iyaye, gama yakan kai shekara 70 a raye. Waɗansu kuwa sun ajiye shi ne don sun ji an ce yana kore sharri daga gida. Wannan dai maganar mutane ce. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yi da shi ran da ya ƙi cin abinci.

Ga yadda akan yi. Mai gida ya ga kwana biyar kunkuru bai taɓa kome ba, sai tausayi ya kama shi. A kira yara su danne shi, a sa sanda a ɓanɓare bakin, a kawo kunu ko nono a kwalba a bulbula masa. Mu kam ra'ayinmu a fili yake: wannan ɗura ta fi cutar saurin kisa, ya kamata ƙungiyoyinmu su hana ta.

Dalili kuwa yana cikin halittar dabbar. Ƙofar numfashin kunkuru tana nan daidai gindin harshensa, kusa ƙwarai da baki. Ba ya kuma iya tari irin na akuya ko na mutum, watau abin da ya gangara huhunsa ya zauna ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai a ga kumfa a hanci, yana miƙa wuya yana buɗe baki, sa'an nan ya mutu. Sai a ce cutar ce ta ci ƙarfinsa, alhali kuwa kunun ne.

Kafin a yi zancen ba shi abinci ma, sai a tambaya, me ya hana shi ci? Jikin kunkuru ba ya yin ɗumi da kansa, daga rana yake samu. Da hunturu, sa'ad da sanyin dare ya sauka, cikinsa yakan daina narka abinci. Abin da aka cusa masa a lokacin ruɓewa zai yi a ciki. Da bazara kuma, in zafi ya tsananta, a daji rami yake haƙa mai zurfi ya shige ya kwanta, yana iya yin makonni bai ci ba, lafiyarsa lau. A gida fa? Tsakar gidan daɓe ce, babu inda zai haƙa. Ga kuma leda da ta cika ko'ina, in ya haɗiye ta sai ta toshe hanji. Wanda hanjinsa ya toshe, kowace loma da aka ƙara masa azaba ce.

Saboda haka aikin fari ɗumi ne da ruwa. A kai shi inda hantsi ke bugawa, da inuwa kusa wadda zai koma in ya ji zafi. Da dare a sa shi a ɗaki, a shimfiɗa masa ciyawa. Kowace safiya a zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi a daro, kada ruwan ya wuce haɓarsa, har minti 20 ko 30, mutum yana tsaye a kansa. Sau da yawa a nan zai sha, ya yi kashi, ci ya dawo. A duba gindin ƙafafu a cire kaska. A ajiye masa abincinsa na ainihi, watau ciyawa irin su kiri-kiri da harkiya, da ɗan ganyen kabewa ko rama. Tuwo da nono da ragowar miya ba cimarsa ba ne, ko da an ga yana ci.

In an yi haka mako guda ko biyu bai ci ba, idanu sun faɗa, jiki ya yi sakayau, to, akwai hanyar da likitocin dabbobi ke bi. Sukan ɗauki siririyar roba mai laushi, su gwada tsawonta daga baki zuwa wajen tsakiyar ƙoƙon ƙirji, su yi alama. Sa'an nan su zura ta gefen baki, ta wuce ƙofar numfashi har ciki, su tura abinci da sirinji sannu sannu. Ruwa zalla ake fara ba shi, daga baya a koma ga ganye da ciyawa da aka niƙa aka tace. Awon kuwa ƙanƙane ne: kimanin cokalin shayi 2 ga kowane kilo na nauyinsa, da fari ma ƙasa da haka, gama dabbar da ta daɗe da yunwa in aka cika mata ciki farat ɗaya tana iya mutuwa. Babban kunkuru mai kilo 30 ko 40, in ya ja kansa ciki, ƙato biyu ba su fito da shi sai sun ji masa rauni. Irin wannan sai an yi masa allurar barci, likita ya huda gefen wuya ya sa robar ta zauna. Aikin asibiti ne, irin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Mun san abin da wani zai ce: hanya ba lafiya, mutane suna gudun hijira, wa zai ɗauki kunkuru zuwa Sakkwato? Gaskiya ne, ba mu kuwa ce kowa ya yi ba. Amma hannun da ke yi wa kunkuru ɗura, shi ne ke yi wa ɗan rago da ɗan akuya, nan kuwa asarar take. Tun da 'yan bindiga suka kwashe shanu a garuruwa da yawa na wannan yanki, tunkiya da akuya su ne bankin talaka. Ɗan ragon da aka haifa da sanyin asuba ya kasa kama nono, in aka ɗaga kansa sama aka kafa masa kwalba, shi ma huhu nonon ke tafiya. Da roba kuwa ana ceton irinsa. A fara ɗumama shi har ya iya riƙe kansa, a tatsi dakashin uwar, a ba shi kimanin cokalin shayi 10 ga kowane kilo. In robar ta bi hanyar abinci, ana jinta da yatsa a hagun wuya. Wannan bai gagari manomi ba, amma sai an nuna masa ido da ido. Karatun takarda kaɗai bai isa ba, har da wannan da kuke karantawa.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa maganar a taronta kafin hunturu. A zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri, mace ko namiji (mata ne dai ke kwana da ƙananan dabbobin nan), a gayyaci malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya koya masa. A sayi roba biyu da babban sirinji da ma'auni daga asusun ƙungiya, a riƙa wanke su sarai bayan kowane aiki. Robar da ta shiga bakin kunkuru kada ta shiga na ɗan rago. Duk wanda ya taɓa kunkuru kuma ya wanke hannu da sabulu, yara musamman, domin kashinsa yakan ɗauki ƙwayar cutar gudawa.

Wanda ba shi da kunkuru kuwa, kada ya saya in an kawo talla. Irin namu na bakin hamada shi ne na uku a girma a duniya duka, ana samunsa daga Sanagal har Sudan, amma yana ƙarewa a daji. Tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don ciniki, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Wanda ke gidanka tun zamanin kaka, ka ware masa wani lungu mai yashi a bayan rumbu inda zai haƙa raminsa.