Ƙarfen lanƙwasa sauti: wa ke da bukatarsa a bakin Komadugu?

Matasanmu masu kiɗan jita a Difa da Maine Sorowa sun fara gani a wayoyinsu wani ƙarfe da ake ɗaura wa jitar katako, wadda ba ta aiki da lantarki, don ya ja tsirkiya sauti ya hau ko ya sauka ba tare da yatsa ya motsa ba. Har an fara jin masu cewa ƙungiyoyin al'adu su sayo shi, wai shi ne ci gaba. Ni kam ban yarda ba.

A ƙarshen shekarun 1960 ne makaɗa biyu na Amurka, Gene Parsons da Clarence White, suka ƙera shi, ana kiransa B-Bender. Ana haɗa maratayin jita da wani ƙarfe da ke cikin cikinta; in makaɗi ya danna wuyan jita ƙasa, sai maratayin ya ja ƙarfen, ƙarfen ya ja tsirkiya ta biyu, wadda ake kira si, ta hau mataki guda cikakke. Daga baya aka yi wasu da ake dannawa da tafin hannu ko da ƙugu. Dabara ce mai kyau, ba na musu. Amma wace matsala ta zo warwarewa? Wuyan jita a gicciye yake da ƙananan ƙarafa masu yanka sauti gida goma sha biyu, kamar matakalar bene: ko ka taka wannan, ko ka taka wancan, babu tsakani. Tsirkiyar jitar katako kuma ta fi ta lantarki kauri, jan ta da yatsa sai da wuya. Ashe ƙarfen nan magani ne na ciwon da jita ta zo da shi daga gida.

To, gurmi yana da wannan ciwo? Molo fa, ko garaya, ko goge? Wuyansu sumul yake, yatsa na zamewa inda kunne ya aike shi. Ba don rashin sani kakanninmu suka bar shi haka ba. Hausa da Barbarci harsuna ne masu karin sauti. Duk malamin da ya taɓa koya wa ɗan aji bambancin "kai" na jiki, mai faɗuwa daga sama zuwa ƙasa, da "kai" na wakilin suna, mai tsayawa sama, ya san ma'ana kan zauna a cikin wannan zamewar. Kayan kiɗan da zai raka waƙa a harsunan nan dole ya iya faɗuwa tare da murya. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya ja hankalin ƙasashe biyu. Ƙarfen kuwa tsirkiya guda yake ja, zuwa iyakar da aka tsayar masa, ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci.

Za a ce da ni ƴan zamani jita suke so, ba gurmi ba. Su kaɗa mana! Jita ta zama ƴar gida a Nijar, Abzinawa sun nuna mana haka. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau duniya na saurarensa. Abin da ya kai shi can kunne ne da yatsa, su kuwa ba a sayo su a kanti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda muke son zuba ɗan abin da muke da shi. A wannan jiha tamu akwai biram, kayan kiɗan Buduma masunta na Tafkin Cadi, mai siffar kwalekwale da tsirkiya biyar. Ya kusa ɓacewa a 2002 lokacin da Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya samu tallafin UNESCO ya je ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar ya koya. Ya kai biram har Turai, ya rasu a 2018. A 2015 kuma yaƙin Boko Haram ya kwashe mutanen tsibiran, suka watsu a Gigimi da Boso da gefen hanyar Difa, kowa na neman abin sa wa baka. A irin wannan hali waƙa ce ke fara mutuwa, don ba mai ƙirga ta cikin asara.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi da ƴan'uwana malamai: kafin ku huda jitar ƙungiya don dasa mata ƙarfe, ku bi unguwannin ƴan gudun hijira ku tambayi wa ya rage cikin masu kaɗa biram da gurmi da goge. Ku biya shi ladan koyarwa kamar kowane malami, ku naɗi muryarsa, ku zaunar da masu jitar nan gabansa ran Laraba da yamma. In yaro ya yi shekara yana bin yatsun tsoho a wuyan gurmi, sannan ya dawo ya ce har yanzu ƙarfen yake so, sai a sake zama.