Wa Ya Sa Wa Kayanmu Kwaɗo?

Jama'a, yau maganata da 'yan tiredan Rano da na Kibiya ce, musamman masu saro kaya daga Sabon Gari da Farm Centre a Kano, da kuma iyayen yaran da ke saye a hannunsu. Maganar kuwa ta ɗan akwatin wasan nan ce na hannu, wanda yara ke kira gem. Na san wani zai ce ina ruwan jarida da wasan yara. To, kuɗin da ake sayensa ba na wasa ba ne, mutuncin da ke zubewa a bakin rumfa saboda shi kuma na manya ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya sayar da masararsa, ya sayo wa ɗansa Nintendo 3DS na gwanjo. Bayan mako biyu ya koma kasuwa ya sayi katin wasa. Kati ya shiga raminsa daram, akwati lafiya lau, amma wasa ya ƙi fitowa. Sai a dawo rumfa ana ɗaga murya, "Malam, jabu ka sayar mini!" Mai rumfa ya rantse, mai saye ya rantse, alhali ba wanda ya cuci wani. Akwatin daga Amurka ya fito, katin daga Ingila, kamfanin da ya ƙera su duka biyu shi ne ya hana su gaisawa.

Tun 2011 da aka fito da 3DS, kamfanin Nintendo ya yanka duniya shiyya-shiyya, ga ta Japan, ga ta Amurka, ga ta Turai, har da ta Koriya, kowace da kwaɗonta. Nijeriya fa? Ba a yi rabon da mu ba. Namu kayan na kwantena ne, su sauka Ikko ko Kwatano, na Amurka da na Turai da na Japan a cakuɗe cikin buhu guda. Yaron London ba ya ma sanin akwai kwaɗo, don kantin unguwarsu katin shiyyarsa kaɗai yake sayarwa. Yaron Kibiya ne ke cin karo da shi.

Wai mene ne dalili? A 2013 shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya kawo hanzarin cewa dokokin ƙasashe da al'adunsu sun bambanta, haka ma ƙa'idar shekarun yaron da ya kamata ya yi wasa kaza. Madalla. Sai mu tambaya: Game Boy na 1989 ba shi da kwaɗo, Game Boy Advance na 2001 ba shi da shi, DS na 2004 ma haka. Duk shekarun nan ƙasashe ba su da dokoki ne, ko yara ba su da shekaru? Da DSi na 2008 aka soma saka shi. Sa'an nan a watan Maris na 2017 kamfanin ya fito da Switch, ya cire kwaɗon, ba mu kuwa ji wata ƙasa ta rushe ba.

Gaskiyar magana ta farashi ce da ta wakilai. Dattawanmu da suka noma gyaɗa sun san irin wannan ɗinki. Daga 1949 hukumar gyaɗa ce ke yanka farashi, masu lasin ne kaɗai ke kai mata kaya, manomi ba shi da ikon neman inda ya fi tsoka. Wancan ya tsare mai sayarwa, wannan ya tsare mai saye, amma allura ɗaya ce. In kati ya fi araha a wata ƙasa, kwaɗo ya hana falke ɗauko shi.

Wanda ke shakka ya dubi abin da ya sami Lik-Sang, wani kanti na Hong Kong mai aika kaya ƙasashen duniya. Akwatin PSP na kamfanin Sony ya fito a Japan a Disamba 2004, bai isa Turai ba sai Satumba 2005. Wasannin PSP ba su da kwaɗo. Lik-Sang ya riƙa aika wa Turawa akwatunan Japan, Sony ya kai shi Babbar Kotun London ya yi nasara, a Oktoba 2006 kantin ya rufe. Kun gani, inda ba a sa kwaɗo a jikin kaya ba, sai a ɗauko lauya. Kuma ɗabi'ar ba ta mutu ba: da Switch 2 ya fito a Yuni 2025, an sayar da na 'yan Japan kaɗai, mai harshen Japan zalla, a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuwa yen 69,980.

Abin takaici, an daina ƙera 3DS a 2020, kantinsa na intanet an rufe shi a Maris 2023, amma kwaɗon yana nan a jikin kowane akwati. Sun kwashe ribarsu sun yi gaba, sun bar mu da rigimar.

Saboda haka, 'yan'uwa 'yan tireda, kada ku ƙara sarin kati a makance. Ku dubi 'yar lambar da ke jikin takardarsa, a ƙarshenta za ku ga USA, ko EUR, ko JPN. A kwalin kuma, tambarin ESRB na Amurka ne, PEGI na Turai, CERO na Japan. Ku ware su kashi-kashi, ku ce wa mai saye ya zo da akwatinsa a gwada a gabansa kafin kuɗi ya shiga aljihu.

Hukumar FCCPC kuwa, wadda dokar 2018 ta kafa don kare mai saye, muna tambayarta: me zai hana ta tilasta wa manyan masu shigo da kaya su rubuta shiyyar kowane akwati ɓaro-ɓaro tun daga Alaba? Ƙungiyoyin kasuwar Rano da ta Kibiya su rubuta mata takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi.